Taransifomomin cikin tsohuwar rikoda: yadda ake gane su da abin da za a yi da su

Tambaya: Assalamu alaikum. Tsofaffin rikododi uku suka shigo hannuna, biyu masu manyan faifan tef, ɗaya ta kaset, kuma duk sun daina aiki. Da na buɗe su sai na ga taransifoma fiye da ɗaya a kowacce. Yaya zan bambanta ta sauti da ta wuta? Shin za su yi mini amfani in haɗa ƙaramar amfilifaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, don Allah kada ka yanke waya ko ɗaya tukuna. Taransifomar da ke zaune a wurinta ita ke faɗa maka aikinta da kanta. Da zarar an ciro ta an jefa a kwali tare da 'yan uwanta, rabin bayanin ya tafi. Ɗauki hoto ta kowane ɓangare, ka rubuta sunan kamfani da lambar rikodar, ka bi kowace waya ka ga inda ta nufa. Idan kuma rikodar irin su Revox, Akai, Grundig ko Telefunken ce kuma bel ɗin robar da ke juya faifai kawai ya tsinke ko kafasita, wato abin da ke tara wuta, ta mutu, ni dai ra'ayina a gyara ta. Irin waɗannan injuna ba kasafai ake ƙera su yanzu ba.

Masu manyan faifan nan, idan na shekarun 1950 zuwa tsakiyar 1960 ne, galibi da bawul suke aiki, wato waɗannan kwalaben gilashi masu ɗaukar zafi. A cikinsu wuta tana kai bolt 250 zuwa 300, kuma manyan kafasitocin suna iya riƙe ta bayan an zare soket. Sai ka zuƙe wutar ta hanyar rizista, wato abin da ke rage gudun wuta, ka auna da mita ka tabbatar ta sauka, sannan ka sa hannu.

Wadda ta fi kowacce girma da nauyi ita ce ta wuta. Za ka ga wayoyinta sun tafi wajen makunni, fiyus, da madannin zaɓen bolt 110 ko 220. Ita ba ta sauti ba ce, amma ka adana ta, domin tana ba da babbar wutar bawul da kuma bolt 6.3 na ɗumama shi. Akwai kuma wata 'yar ƙarama, sau da yawa a cikin gwangwanin alminiyom ko mai baƙin ƙarfen ferayit, wadda wayarta ke zuwa kan da ke goge tef. Wannan tana aiki ne a kan motsin da ya wuce jin kunne, daga kilohaz 40 zuwa sama da 100, don haka ba za ta ɗauki sautin kiɗa ko magana ba. Mai waya biyu kacal kuwa ba taransifoma ba ce, naɗi ne na tace wuta.

Abin da kake nema shi ne wadda ke tsakanin bawul na ƙarshe da lasifika. Wayoyi biyu sirara suna zuwa wajen bawul da babbar wuta, biyu masu kauri suna zuwa lasifika. Karanta lambar da ke jikin wannan bawul ɗin ka rubuta a jikin taransifomar, domin ta fi duk wani awo taƙaita maka hanya. EL84, wanda a Amurka da Japan ake kira 6BQ5, idan shi kaɗai ne yana son nauyin lantarki, wato turjiyar da yake gani daga taransifoma, na om 5,200 kuma yana ba da wajen wat 5. EL95 kuwa om 10,000 yake so, ƙarfinsa kuma wajen wat 3.

To idan an riga an ciro ta fa? Sa mita a kan om. Naɗin farko, na ɓangaren bawul, zai nuna om ɗari biyu zuwa ɗari biyar ko kusa da haka. Na lasifika ba zai kai om ɗaya ba. Tsakanin naɗin biyu, da tsakanin kowane naɗi da ƙarfen jiki, bai kamata mita ta nuna akwai haɗi ba. In ta nuna, rufin wayar ya lalace, kuma a ajiye ta gefe. Amma fa wannan lambar ta om ba ita ce nauyin da bawul ke gani ba, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Nauyin yana fitowa ne daga yawan naɗi. Saka bolt 6.3 na AC a naɗin farko, ka auna abin da ya fito ta ɓangaren lasifika. A ce ka sami 0.25. Raba 6.3 da 0.25, ka sami kusan 25. Ninka 25 da kansa, 625 ke nan. Sai ka ninka da om ɗin lasifika: da mai om 8 ka sami 5,000, daidai da EL84, da mai om 4 sai ya koma 2,500. Taransifoma ɗaya ce, lasifikar da ka ɗaura mata ce ke sauya lissafin. Kada ka juya gwajin ka sa wutar ta ɓangaren lasifika, domin bolt sama da 150 zai fito ta ɗaya gefen.

Sannan ka duba yadda aka jera faifan ƙarfenta. Idan masu siffar E duk suna gefe ɗaya, masu siffar I suna ɗaya gefen, da 'yar siririyar takarda a tsakani, an yi ta ne don bawul guda. Wannan ɗan gibin shi ke hana wutar DC da ke ratsa naɗin cika ƙarfen da maganaɗisu. Idan an sarƙa faifan cikin juna ba gibi, kuma naɗin farko yana da waya ta uku a tsakiya, ta bawul biyu ce masu aikin karɓa-karɓa. In ka sa irin wannan a bawul guda, sautin ƙasa zai shaƙe ya dagule tun kafin ka ƙure murya.

Mafi daraja, idan ka yi dace, ita ce taransifomar makirufo: 'yar ƙarama a cikin rufaffen gwangwani kusa da ramin shigar sauti, wadda ke ɗaga siginar makirufo mai om 200 ninki goma ko fiye. Wayarta ta fi gashi siranta. Kada ka auna ta da tsohuwar mita mai allura, domin wutar batirinta na iya bar wa ƙarfen maganaɗisu. Gwada ta da ɗan ƙaramin siginar sauti. Wajen cirewa ma ka bar mata dogayen wayoyinta, kada ka daɗe da ayan na narkar da dalma a kan ƙafarta.

Ta kaset ɗin kada ka sa rai da yawa. Philips ya fito da kaset a 1963, kuma wasu na farkon zamanin masu tiransisto suna da ƙananan taransifomomi biyu, ɗaya gaban tiransistocin ƙarshe, ɗaya bayansu. Suna amfani wajen ƙaramar rediyo ko raba na'ura biyu don kashe gurnanin wuta, amma ba a yi su don babbar wutar bawul ba. Na shekarun baya kuwa yawanci ta wuta da ta goge tef kawai za ka tarar.

Game da amfilifayarka: e, za ta yiwu, kuma za ta yi daɗin ji. Idan rikododin biyu masu bawul ne, ɗauki taransifomar wuta da ta lasifika daga rikoda guda, tare da bawul ɗinta da mazauninsa, tunda dama don juna aka yi su. Ƙaramin ƙarfe ba ya ɗaukar sautin ƙasa mai zurfi, don haka ta fi dacewa da jita, murya, ko sauraro a ɗaki. Idan kana son sitiriyo sai ka sami biyu iri ɗaya, kuma gwada su tare zai tona wadda naɗinta ya haɗe a ciki, abin da awon om ba ya nunawa. A duk gwajin da za ka yi, kada ka kunna amfilifayar bawul ba tare da lasifika ko rizista mai om 8 a bakinta ba, domin wutar da za ta taso a naɗin farko tana iya huda rufin wayar nan take.