Sola a Shago: In Jira Tallafin Gwamnati ko In Zuba Kuɗina?

Wani mai shagon kayan sanyi a Kano ya aiko da tambaya. Firiza biyu gare shi, kuma janareta na shan lita 4 kullum, yana sayen lita a kan naira 900. Ya ji ana cewa gwamnati na tallafa wa masu son sola, shi ne yake tambaya ko ya jira tallafin. In kuma ya sa da kuɗinsa, zai iya sayar wa maƙwabta wuta?

Alhaji, kada ka jira. Tallafin da ka ji gaskiya ne, amma ba hannunka zai shigo ba. A watan Disamba na 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin faɗaɗa wutar sola mai suna DARES, wanda hukumar samar da lantarki a karkara, REA, ke gudanarwa. Kuɗin kamfanonin sola ake ba wa, gwargwadon gidaje da shagunan da suka haɗa wa wuta. Kai abin da zai iso gare ka shi ne sauƙin farashi ko biya kaɗan-kaɗan. Haka aka yi a kasuwar Sabon Gari lokacin da aka kafa sola ƙarƙashin wani shirin REA: kamfani ya zuba kaya, masu shaguna suna biyan kuɗin wutar da suka sha. Duk wanda ya zo maka da fom yana neman kuɗin rajista don a ba ka sola kyauta, ka riƙe aljihunka.

Mu dawo kan lissafinka. Lita 4 a naira 900, naira 3,600 ke nan a rana. In kana buɗewa kwana 26 a wata, ka ƙone 93,600, a shekara ta haura miliyan ɗaya da dubu ɗari, ban da baƙin mai da kuɗin makaniki. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan kuɗin ne ke cinye ribar masu firiza. To ka karɓo farashin kayan sola daga wuri uku, ka raba da 93,600. In amsar ba ta wuce wata 24 ba, ni a ganina cinikin ya yi.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne batir. Faifan sola yana shekara ashirin yana aiki, kuma a Arewa muna samun rana mai ƙarfi ta awa biyar zuwa shida. Batirin ruwa kuwa, a zafin Kano, da wuya ya wuce shekara biyu zuwa uku, musamman in ana tatse shi har ƙasa kowane dare. Na lithium ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma ya fi daɗewa sosai. Sa'ar da ka yi, sana'arka ta rana ce. Ka yawaita faifai, firiza su yi ƙanƙara tun daga hantsi zuwa la'asar, da dare a rufe su ruf. Ta haka ƙaramin batir ya ishe ka. Inbata dai, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin wadda firiza ke ci, kada ka yi mata rowa, domin firiza na fizgar wuta ninkin abin da take ci lokacin da za ta tashi. Da hunturu kuma a riƙa goge faifan, ƙura na rage wuta ƙwarai. Janaretan ma kada ka sayar, damina na nan tafe da hadarinta.

Batun sayar wa maƙwabta, a yi hattara. Dokar Lantarki ta 2023 ta buɗe wa jihohi da 'yan kasuwa ƙofa, amma rarraba wuta don kuɗi yana da ƙa'idojinsa a hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, kuma a unguwar da kamfanin rarraba wuta ke da layi, sai an yi yarjejeniya da shi. Ban da doka ma, maƙwabcin da ya ce fanka da ƙwai biyu kawai zai kunna, ranar da ba ka nan dutsen guga zai jona, inbatarka ta ƙone, zumunci ya ɓaci. Ka fara da shagonka na wata shida tukuna. In ka ga rarar wuta da rana, cajin waya da sayar da ƙanƙara sun fi jan waya zuwa shagon wani kawo kuɗi da kwanciyar hankali.