Kuloraid a tsokar zuciya: shiga yake ko fita?

Ƙanena da ke karatun likita a Kumasi, ka ce littafinku ya cika da sodiyom, fotasiyom da kalsiyom, kuma kana son sanin ko kuloraid na zuga ƙwayar tsokar zuciya ko kwantar da ita yake.

Duka biyun yake yi, kuma lissafi ne zai nuna maka. Kuloraid a cikin ƙwayar yakan kai wajen mM 20 (mM ma'aunin yawan sinadari ne a ruwa), a ruwan Tyrode kuwa, wato ruwan gishirin da ake ajiye ƙwayar a ciki lokacin gwaji, wajen 140. Sa su a lissafin Nernst, wanda ke nuna ƙarfin wutar da shigar sinadari da fitarsa ke daidaita a kai, na kuloraid zai faɗo kusa da -50 mV (milivolt). Ƙwayar da ke hutawa tana wajen -85 mV, saboda haka in ƙofa ta buɗe kuloraid fita zai yi, ƙwayar ta matso kusa da tashi. A tsakiyar bugu kuwa, da wutar ta haura sifiri, shiga yake yi ya gajarta bugun.

Amma a kula da wace dabba ake magana. Hanyar kuloraid da ake kira CFTR, wadda adirenalin ke buɗewa, a zuciyar ɓeran Masar aka fara auna ta a 1989. A ɗan Adam har yanzu ana gardama a kanta. Wadda ba a musu a kai ita ce mai buɗewa in ƙwaya ta kumbura, domin an auna ta a ƙwayoyin ɗakin sama na zuciyar mutum, daga ɗan naman da ake yankewa lokacin tiyata. Nan ya kamata ka sa ƙarfinka, don kumburin nan shi ke faruwa in jini ya yanke wa tsoka.

In za ka auna wutar wannan hanya ta kumburi, sa siziyom a madadin fotasiyom, ka toshe hanyar kalsiyom da maganin nifedipine. Don ƙwayar ta kumbura, rage kaurin ruwan wanka, wato ruwan da take ciki, daga mOsm 300 (ma'aunin kaurin ruwa) zuwa wajen 220 ta hanyar cire mannitol kawai, wani nau'in sukari da aka ƙara kaurin da shi, kada ka taɓa gishirin. Ka jira mintuna, ba nan take wutar ke tasowa ba.

Wuri biyu ake yawan faɗuwa. In ruwan cikin allurar gilashin da ake manna wa ƙwayar don awo ya fi na waje kauri, ƙwayar za ta kumbura da kanta tun ba ka fara ba. In kuma ka canza kuloraid na wanka ba ka sa gadar agar mai 3 M KCl ba, wato bututun gishirin da ke haɗa ruwan wanka da wayar azurfar da ake gwada awo da ita, wutar wayar za ta zame, duk awonka ya karkace. Sinadarin DIDS yana toshe hanyar kumburi ya bar CFTR, amma yana taɓa wasu hanyoyin, kada ka dogara da shi kaɗai.