Kafin ka sa almakashi a kakin soja

Ka tambaye ni wai mutum nawa ne a birged ɗin sojan ƙasa, don wani ya tsaya a bakin shago ina masallaci, ya ce maka yana da odar kaki ta birged guda, ka ba shi farashi. Har ka karɓi lambarsa kana washe baki. To ajiye wayar nan ka saurara, yaro, don ba zan maimaita ba.

Soja a jere suke, ƙarami cikin babba. Mutum goma ko kusa da haka, sarjan ke riƙe da su. Irinsu uku ko huɗu su ne abin da sojojinmu ke kira seksiyon, mutum talatin zuwa arba'in, a hannun laftanan ko ajidan. Seksiyon uku ko huɗu su tashi kamfani, mutum ɗari da wani abu, kaftin ne mai shi. Kamfani uku zuwa biyar su ne bataliya, daga ɗari biyar zuwa ɗari takwas, wani lokaci ta kai dubu, ƙarƙashin kumanda ko laftanan-kanar. Sai ka tara bataliya uku ko fiye, ka ƙara musu masu manyan bindigogi, da masu gyaran hanya da gada, da masu sadarwa, da likitoci, da direbobi, da masu girki, sannan ka ce kana da birged. Mutum dubu uku ke nan zuwa dubu biyar. Ba kowane soja kaya biyu, riga da wando, kowanne ya ci yadi huɗu. Ko a kan dubu uku ka tsaya, yadi dubu ashirin da huɗu ake magana. Waiwaya ka ƙirga kekunan da ke shagon nan.

Kuma mu nan Nijar ba haka ma aka tsara sojanmu ba. An kafa rundunar ranar 1 ga Agusta 1961, da mutanen da suka fito daga sojan Faransa, irin su Seyni Kountché da ya ga yaƙin Indoshin, wato yankin Vietnam, da na Aljeriya tun kafin ya hau mulki a 1974. Maigidana da ya koya mini ɗinki, Allah ya ji ƙansa, cikin irin waɗannan mazan jiya yake, a bariki ya fara taka keke. An raba ƙasar yanki-yanki na tsaro, Maraɗi ce yanki na 6, kuma bataliyoyi ne a ƙarƙashin kowane yanki. Birged ta sojan ƙasa sai ka ƙetare Ɗan Issa ka shiga Najeriya ka ji ta a bakin mutane: ta 17 tana Katsina, ta 3 tana Kano, manyan rundunonin da ke samansu suna Sakkwato da Kaduna. A nan gida kuwa, in ka ji an ce birged, galibi ofishin jandarma ake nufi, irin na Madarunfa ko Gidan Rumji, kuma mutanen ciki ba su kai seksiyon guda ba. To mutumin naka wacce yake nufi? Ka tambaye shi? Ba ka tambaya ba.

Abin da ya sa raina ya ɓaci da na ji maganar nan, irin wannan bakin ne ya raba ni da filina.

Ƙarshen shekarar 1993 ne, lokacin tawayen arewa, kullum ana ganin motocin soja suna wucewa. Ina da shago kusa da babbar kasuwa, kekuna shida, duk wanda ke son kaki mai tsayuwa a jiki wurina yake zuwa, wannan kowa ya sani a garin nan. Sai ga wani mutum a Fijo 504, shadda ta sha bugu, turare na tashi, direbansa sanye da wandon kaki da takalmin soja. Ya yi sallama cikin ladabi, ya kira ni da sunan maigidana, ya ce ai tare da mahaifinsa suka yi aiki. Ya fito da takarda mai hatimi biyu, ya ce an ba shi kwangilar kaya ɗari shida na wata sabuwar bataliya da za a tura arewa, kuma an ce masa duk Maraɗi ba mai iya aikin sai ni. Ya ajiye ɗan kafin alƙalami wanda ko kuɗin zare da maɓalli bai kai ba, ya ce sauran sai baitulmali ta biya ƙarshen wata, ai na san aikin gwamnati.

Na tashi na tafi Kano, Kantin Kwari, wurin wani dattijo da ya yarda da gidanmu tun zamanin maigidana. Ya ba ni bandir-bandir na kaki bashi, lissafi da naira, ba takarda, sai amana. Na ɗauko ƙarin teloli. Muka riƙa kwana a kan keke, in wuta ta ɗauke mu kunna fitila, yatsuna har suka yi kanta wurin huda maɓalli. Kowane aljihu ni na duba shi da hannuna, kowace kwala ni na goge ta. Da rabi ya kammala, sai ya zo da babbar mota bayan isha'i, ya ce da asuba ayarin zai tashi, a loda. Ya ɗaga riga ɗaya a gaban fitila, ya ja ɗinkin kafaɗa da ƙarfi, ya ce wallahi ko a Faransa sai haka. Har addu'a ya yi mana kafin ya shiga mota.

Watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa. Faran ɗin Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100 a dare ɗaya. Bashin da ke kaina a Kano ya yi tsalle, mutumina kuma ko ƙurarsa. Gidan da ya ce nasa ne, haya ce ta wata biyu. Na ɗauki takardar na je bariki, aka haɗa ni da wani tsohon ajidan. Bai yi minti ɗaya yana dubawa ba ya ɗora yatsa a ƙasan takardar, ya ce, malam, dubi nan: wanda ya sa hannu a matsayin shugaban bataliya kaftin ne, kaftin kuwa kamfani yake riƙewa. Lambar bataliyar ma babu ita a ƙasar nan. Kuma kayan soja masu yawa irin wannan daga ofishin kula da kayan runduna a Yamai ake ba da odarsu, ba a bakin kasuwa ba. Lissafin nan da na zayyana maka yanzu a kyauta, a lokacin ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya faɗa mini shi, maigidana ya riga ya rasu.

Sauran ɗari ukun da suka rage na cire musu maɗaurin kafaɗa na sayar wa masu gadi a wulaƙance. Na sayar da kekuna biyu. Na sayar da filina na unguwar Zariya na biya dattijon Kano har sisinsa na ƙarshe, don ni ba a taɓa bina bashi an zo ƙofar gida ba. Yau bene ne a filin nan, kuma duk ranar da na bi ta wurin sai na kau da kai. Bayan shekaru na hango mutumin a wani ɗaurin aure, ya yi ƙiba, ana ce masa Alhaji, yana sahun gaba. Ya gan ni, ya sunkuyar da kai ya sulale. Mutane suka ce in bar wa Allah. Na bar wa Allah, amma ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba.

Yadda ake yanka wando mai aljihun cinya, ko yadda ake dasa zik, ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda ya shekara a shago bai iya wannan ba ya koma tallan ruwa. Abin da nake so ya zauna maka shi ne galo, wato alamar muƙamin da ke kafaɗa, don da shi za ka gane wanda ke gabanka. Namu tsarin Faransa ne: ƙaramin laftanan galo ɗaya, laftanan biyu, kaftin uku, kumanda huɗu, kanar biyar launi guda. Laftanan-kanar shi ma biyar ne, amma na biyu da na huɗu launinsu daban, kuma tsakanin na uku da na huɗu akwai ɗan fili da ya fi sauran faɗi. Ka manta da filin nan, hafsa zai jefo maka rigarsa a fuska. Janar na farko taurari biyu. Na Najeriya kuwa anini ne da mikiya: kaftin anini uku, manjo mikiya ita kaɗai, kanar mikiya da anini biyu, birgediya mikiya da anini uku. Kada ka kuskura ka haɗa na nan da na can.

Ku 'yan yanzu sai a turo muku hoton bajo ta WhatsApp, ku kai wa mai keken kwamfuta ya buga, ku karɓi jikka biyu kuna jin kun iya sana'a. Ba ku tambayar waye, ba ku tambayar daga ina. Alhali kana ji da kunnenka abin da 'yan bindiga ke yi a ƙauyukan bakin iyaka, wasunsu cikin kaki suke shiga gari. Ranar da aka kama ɗaya aka tambaye shi wa ya ɗinka masa, ba asarar fili za ka yi ba, kurkuku za ka kwana. A shagon nan ba a ɗinka wa mutum kaki sai na ga katinsa na aiki da idona, kuma ba a sa almakashi a yadin oda sai rabin kuɗi ya shiga aljihuna.

In ya kira ka, kada ka faɗa masa farashin komai. Ka ce ya zo bayan la'asar ya same ni, ya taho da takardarsa da katinsa, ya kuma shirya faɗa mini lambar rundunar da muƙamin wanda ya sa hannu. Yanzu tashi ka farke kalmasar wandon can da ka yi da safe, ƙafar hagu ta fi ta dama tsawo.