Amsa kan kuɗin hutun daɗewa a aiki na malaman makaranta

Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki, kin ce an saka ki a kwamitin gudanarwa na wata ƙaramar makarantar Islamiyya a nan birnin Melbon na ƙasar Ostireliya, kin buɗe rahoton odita kin ci karo da wani jibgegen kuɗi da aka rubuta a matsayin bashin hutun daɗewa a aiki, kina neman sanin yadda makarantu suke yi da shi. Toh ni na daɗe a ofishin kuɗi na makarantu masu zaman kansu a nan jihar Biktoriya, inda Melbon take, bari in faɗa miki yadda abin yake a aikace.

Wannan kuɗin bashi ne na gaske, kuma tun ranar da malami ya kama aiki yake taruwa. A dokar Biktoriya ta 2018 ma'aikaci yana samun wannan dogon hutu mai albashi ne bayan shekara 7 a jere a wuri ɗaya, lissafin kashi ɗaya cikin 60 na tsawon aikinsa, wato sati 6 da ɗoriya a shekara 7 ɗin. A jihar New South Wales kuwa sai an yi shekara 10, a samu hutun wata 2. Amma kar ki tsaya a kan dokar jiha kawai, ki sa a ɗauko miki yarjejeniyar aiki ta makarantarku ki karanta da idonki, don da yawa daga cikin yarjejeniyoyin malamai sati 13 suke bayarwa a shekara 10, kinga kusan zango guda da ƙari kenan.

Inda makarantu suke shiga uku shi ne akanta ya rubuta bashin a takarda amma babu ko sisi a banki da ke tsaye masa. Ranar da malama ta tafi hutu sai ki ga ana biyanta cikakken albashi ana kuma biyan wanda ya riƙe mata aji, duk daga kasafin shekara ɗaya. Abin da muke yi shi ne asusu daban, duk lokacin biyan albashi a zuba wani kaso a ciki kamar zubin adashe, ba fashi. In sati 13 ne a shekara 10, kashi 2.5 cikin ɗari na albashi kenan, sai ki ɗora kuɗin fansho a kai, wanda ya koma kashi 12 tun Yulin 2025, don ana biyansa in mutum ya ci hutun yana bakin aiki. In an yi haka, mai hutu a biya ta daga asusun, mai riƙon ƙwarya kuma ya ci albashin da dama yana cikin kasafi, shikenan.

Sai dai fa 2.5 ɗin ba ya isa shi kaɗai. Hutun ana biyansa ne da albashin ranar da aka tafi, ba na lokacin da aka tara shi ba. Malamin da ya shigo a matakin farko, kafin shekara 10 ya hau matakai da yawa, ƙila ma ya zama shugaban sashe, to duk satittikan da ya tara yana ƙarami da sabon farashi za a biya su. Shi ya sa duk ƙarshen shekara muke sake lissafin kowa da albashinsa na yanzu mu cike giɓin. Shi ya sa kuma ban yarda a bar mutane suna ta tara hutu ba, wlh akwai masu shekara ashirin ba su taɓa ko kwana ɗaya ba, shugaban makaranta yana yabonsu wai masu himma, ranar da biyu suka ajiye aiki lokaci guda dole a biya su duka a dunƙule. Kuma a nan doka ta hana a ba mutum kuɗi a maimakon hutun muddin yana aiki, kar wani a kwamiti ya kawo wannan shawarar. Abin da doka ta yarda shi ne a umarce shi ya tafi, da sanarwa a rubuce ta aƙalla sati 12, amma gara lallashi, umarni yana ɓata zama.

Batun lokaci kuwa, ku roƙi malamai su nema tun shekarar da ta gabaci ta hutun, kafin a rufe kasafi da jadawalin darasi. Zango cikakke ya fi sauƙi, za ku ɗauki mutum ɗaya da kwantiragi, sau da yawa matashin malami mai ƙaramin albashi, yara ma su samu nutsuwa, maimakon malaman da ake ɗauka na kwana ɗaya ko biyu da suke wuyar samu lokacin sanyi da mura. Malaman aji 12, wato ajin ƙarshe na sakandare, kuma kar a sake su dab da jarrabawar Oktoba da Nuwamba. Ku a makarantar Musulmi za ki ga takardu sun taru a lokacin aikin Hajji, kowa da hujjarsa mai kyau, don haka ku rubuta tun yanzu mutum nawa ne za su iya tafiya a zango ɗaya daga kowane sashe, da wa ake fara ba wa in sun yi karo.

A zamanku na gaba ki tambayi akanta nawa ne a asusun a yau, da sunayen waɗanda za su cika shekara 7 nan da shekara biyu, har da masu shara da na ofis.