Tambaya da Amsa: Shin a rage iskar taya saboda zafi idan ana jan remok?

TAMBAYA: Malam, ina da akori-kura ƙirar Hilux wadda nake ɗaura wa remok, ina ɗaukar buhunan albasa daga Tawa zuwa Yamai. Sau biyu ke nan tayar baya tana fashe mini tsakanin Ƙonni da Dogondutse, alhali ina bin shawarar mai facin unguwarmu, wanda ya ce in riƙa rage iska a lokacin bazara don kada zafi ya fasa tayar. Ina kuskuren yake, kuma wace irin taya ta dace da aikina?
Mai karatu daga Tawa

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara tsarewa. Shawarar da aka ba ka ta yaɗu ƙwarai a tashoshinmu, kuma ina kyautata zaton ita ce ta ci maka tayoyi biyu. Tayar da iskarta ta yi ƙaranci takan lanƙwashe a gefe duk lokacin da ta juya, wannan lanƙwasa da miƙewa kuwa su ne ke haifar da zafi a cikin jikinta, har roba ta rabu da wayoyin ƙarfen da ke riƙe da ita. Idan aka haɗa da nauyin remok da ke danne bayan mota, da kwaltar watan Afrilu lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40, to tayar ba za ta kai Dosso lafiya ba.

Gaskiya ne iska tana ƙaruwa idan taya ta ɗauki zafi, yawanci da bar 0.2 zuwa 0.3 (bar awon ƙarfin iskar taya ne), amma masu ƙera ta sun riga sun yi lissafin hakan. Saboda haka a auna iska da sassafe kafin mota ta motsa, kuma idan ka tsaya a hanya ka ga awon ya hau, kada ka bari kowa ya taɓa bakin bawul. Adadin da ya dace yana rubuce a ƴar takardar da aka manna a jikin ƙofar direba, inda galibi za ka ga layi biyu, ɗaya na mota babu kaya, ɗaya na cikakken lodi. Na biyun shi ne naka duk ranar da ka ɗaura remok. Lambar da ke gefen taya kuwa iyakar iskar da take iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Ka lura kuma da ma'aunin mai faci, domin wasu ma'aunan da wani awon daban mai suna PSI suke aiki, bar ɗaya kuwa PSI 14.5 ne. Na fi son ka sayi naka ma'aunin ka ajiye a mota.

Batun zaɓen taya shi ne ya fi buƙatar natsuwa. Ka durƙusa ka karanta rubutun da ke gefenta. Idan ka ga, misali, 265/65R17 112S, lambar 112 tana nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 1,120, yayin da 120 ke nufin kilo 1,400, kuma wannan ƙarfin ba ya samuwa sai da isasshiyar iska. Mai jan kaya kullum ya nemi taya mai alamar LT ko C, wadda ake rubuta wa 8PR ko 10PR, domin gefenta ya fi kauri, tana kuma rage yadda remok ke kaɗa bayan mota idan babbar mota ta gifta. Sai dai irin wannan taya tana buƙatar iska fiye da ta yau da kullum kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya, don haka idan ka sauya, ka nemi dillalin ya duba maka jadawalin kamfanin. Taya mai ƙarfi kuma ba ta ƙara wa mota izinin nauyin da aka ƙayyade mata.

Abin da ya fi damuna shi ne tsofaffin tayoyin da ake kawowa daga Turai. A ƙarshen rubutun da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta haura shekara 5 sai an riƙa duba ta sosai, wadda ta kai 10 kuwa a rabu da ita ko da zanenta yana nan daram. Idan ka ga hoton tsauni da ƙanƙara a jikinta, mai yiwuwa ta ƙasashen sanyi ce, wadda robarta laushi take yi a zafinmu.

Wajen lodi, ka sa buhunan su ɗan fi nauyi a gaban gatarin remok, ta yadda kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa zai sauka a kan ƙugiyar mota, matuƙar bai wuce iyakar da littafin motar ya nuna ba. Tayoyin remok ɗin da tayar safaya su ma a auna su tare. Idan rairayi ya tilasta maka rage iska wajen shiga gona, ka yi tafiya a hankali, ka kuma mayar da ita da famfo kafin ka hau kwalta.