Landan ko Liyon: ina ya fi dacewa a je kallon fitilun Disamba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana mun ɗan tara kuɗi, muna so mu yi hutun Disamba a Turai don mu ga fitilun da ake ƙawata birane da su. Shi ya kafe a kan Landan, ni kuma hotunan bikin fitilu na Liyon a Faransa sun tafi da hankalina. Ina za mu nufa? Kayan sanyi kuma, a nan za mu saya ko sai mun isa? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. A wannan karon maigida ya riga ki gaskiya. Ba don Landan ta fi kyau ba, matsalar kwanan wata ce.

Bikin Liyon dare huɗu ne kacal, a makon da 8 ga Disamba ta faɗo. Ya samo asali tun 1852, daren da mutanen garin suka jera kyandirori a tagoginsu don murnar kafa mutum-mutumin Maryam a kan tudun Fourvière. Yanzu haske ake harbawa a jikin manyan gine-gine har bango ya zama kamar majigi. Abin kallo ne, ba musu. Sai dai ɗakunan otal sukan ƙare tun da sauran watanni, ke kuma fasfonki yana hannun masu biza. Kin biya Yuro 90 na bizar Schengen, wadda da ita ake shiga Faransa, kin yanki inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin jinya na aƙalla Yuro 30,000 da suke sharɗantawa, sannan biza ta fito 10 ga wata. Kasuwa ta riga ta watse.

Landan kuwa ba ta gaggawa. Tun Nuwamba ake kunna fitilun Oxford Street da na Regent Street, inda aka soma al'adar a 1954, kuma suna nan har farkon Janairu. A dandalin Trafalgar akwai doguwar bishiyar da birnin Oslo na Norwe ke aikowa kyauta kowace shekara tun 1947. Duk wannan ba a biyan ko kwabo. Ku hau bas mai hawa biyu da ke bin Regent Street, ku zauna a kujerar gaba ta sama, fitilun za su riƙa wucewa dab da kanku. Ku tanadi katin banki ko Oyster, wato katin biyan kuɗin sufuri na Landan, don bas ɗin Landan ba ya karɓar tsabar kuɗi. Kada kuma ku shirya fita ranar 25 ga Disamba: ba bas, ba jirgin ƙasa. Bizar Birtaniya daban take, ta Schengen ba ta aiki a can.

Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne gajartar yini. Rana takan faɗi kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba duk suna biye da juna cikin awa huɗu. Ni da zan tsara muku, ku yi Magariba a babban masallacin Regent's Park, ku fita kallo, ku ƙare da abincin halal a Edgware Road.

Kayan sanyi kuwa, kada ki auna da hunturunmu. Namu busasshe ne, nasu mai lema ne, ga yayyafi ga iska. Babbar rigar sanyi ki nema a gwanjo tun daga gida, domin daga filin jirgi za ki fara bukatarta, kuma ba ki da dalilin zuba kuɗi a kan rigar da za ta koma ƙasan akwati bayan mako biyu. Inda za ki saki hannu shi ne takalmi rufaffe wanda ruwa ba ya ratsawa, da safa mai kauri, da 'yar ciki mai riƙe ɗumi da za ki sa ƙarƙashin abaya. Safar hannu da hular sanyin maigida, ku bari sai kun isa, suna nan da araha a shagunan Oxford Street.