Ɓata, Salwanta da Bin Shanun Sarki

Wata baiwar Allah daga Damagaram ta turo tambaya, ta ce malam wai ɓata da salwanta duk abu ɗaya ne? Sannan me ya sa mutum in ya mutu ake cewa ya rasu amma ba a cewa akuya ta rasu?

Toh 'yar'uwa ba ɗaya ba ne. Abin da ya ɓata akwai sa rai a kansa, shi ya sa ake cigiya, yaro ya ɓata a kasuwa a kai sanarwa gidan rediyo ko ƙofar mai unguwa. Amma in aka ce dukiya ta salwanta a gobara ko rayuka sun salwanta a hatsarin kwalekwale, ba mai fita nema, sai dai jaje, a ce Allah ya mayar da alheri. Bahaushe kuma in yana so ya toshe ƙofar sa rai a kan ɓata sai ya ƙara mata nauyi, ya ce ɓatan ɓakatantan, ko ya ce abu ya yi ɓatan dabo, kamar yadda mai dabo ke ɓatar da abu a gaban idonka kana kallo.

Asara ko hasara aro ce daga Larabci, khasara, tushenta ɗaya da khusr ɗin da muke karantawa a Suratul Asri. Wannan harafin na kh bakin Bahaushe ba ya riƙe shi, h yake mayar da shi, kamar a hamsin da Alhamis da alheri, to a asara har h ɗin ma wasu suka yar da shi. Halaka ma daga can ta zo.

Rasu kuwa tamu ce ta gida kuma ni ita ta fi burge ni wallahi. Daga rasa ta fito, irin ginin da ya ba mu dafu daga dafa, gyaru daga gyara. In abinci ya dafu an gama dafa shi ke nan, to wanda ya rasu an rasa shi rasawa ta gaba ɗaya. Kin ga kalmar ba gawa take kallo ba, mu da aka bari take kallo, mu ne muka yi rashi. Ladabi ne da ake yi wa ɗan Adam, akuya kam mutuwa take yi.

Wani kuma daga Zariya ya tambayi "ya bi shanun sarki". Wannan hoto ne kawai, saniyarka ta kutsa cikin garken sarki, wa zai je fada ya ce a ware masa? Kana ganinta tana kiwo amma ba taka ba ce kuma. Yau an fi faɗinsa a kan bashin da aka ba wanda ya fi ƙarfinka, ko wayar da aka zare maka a cikin a-daidaita-sahu.